A Zana Unguwannin Garwa Tun Masu Saninsu Suna Raye

A watan jiya aka yi mana rasuwa, sai wani kawuna ya taso daga Yola domin ya yi mana ta'aziyya. Rabonsa da Garwa, garinmu da ke arewacin Kamaru, ya haura shekara ashirin, saboda haka ɗana ya tura masa alamar gidanmu ta WhatsApp, yana mai tabbatar masa cewa waya za ta kai shi har ƙofar zaure. Wayar ta kai shi bakin babban titi, ta nuna masa sunan wani shagon sayar da katin waya da na wata mashaya, daga nan ta yi shiru. Lungunmu, inda kakana ya haifi 'ya'yansa gaba ɗaya, fili ne fari fat a jikin gilashin, kamar ba a taɓa hura wuta a wurin ba.

Dattijon ya yi ta zagaye cikin rana har ya gaji, sannan ya tsayar da wani ɗan acaɓa. Yaron ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce, "Baba, gidan wa kake nema?" Da aka faɗa masa sunan kakana sai ya ce, "Ai bayan gindin tsamiya ne, hau mu je." Ba su yi minti biyar ba suka iso.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan tsamiya an sare ta tun ina saurayi, lokacin da aka faɗaɗa hanya, kuma yaron da ya ambace ta bai cika shekara ashirin ba. Bai taɓa ganinta ba, bai taɓa shan inuwarta ba, amma da ita yake auna gari. Ashe akwai wata taswirar Garwa da ta fi ta waya cika da gaskiya, tana zaune a kawunan 'yan acaɓa da masu tallar fura da tsofaffin unguwa, kuma babu inda aka rubuta ta.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Garwa, da Marwa da Ngaundere da Kuseri, suna buƙatar kundin taswirar tarihi na unguwanninsu, wanda zai nuna yadda kowace unguwa ta kafu, da sunan da mazaunanta ke kiranta da shi, da yadda ta bunƙasa ko ta motsa daga zamani zuwa zamani. Ina kuma ganin cewa bai kamata mu zauna jiran wani ya zo daga Yawunde ko Faransa ya yi mana ba, domin rabin abin da za a zana ba ya cikin kowane ofishi, yana bakin mutanen da muke raka gawarsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake nufi da kundin taswira

Ba sabon abu ba ne a duniya. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ragargaza tsofaffin biranen Turai, masana tarihi sun kafa wata hukuma ta ƙasa da ƙasa a 1955 domin nazarin tarihin garuruwa, kuma daga cikin manyan ayyukanta har da fitar da kundin taswira ga gari bayan gari. Ingila ta fitar da juzu'inta na farko a 1969. Ƙasar Ailan ta fara nata da Kildare a 1986, wanda ƙaramin gari ne da bai kama ƙafar Garwa ba wajen yawan jama'a. Zuwa yau an yi wa garuruwa fiye da 500 irin wannan aiki.

Tsarin yana da sauƙin fahimta. Akwai babbar taswira da ke nuna garin kamar yadda yake kafin zamanin masana'antu, a ma'aunin da santimita 1 ke wakiltar mita 25, wato har gida da lungu ana iya gani. Sai wasu taswirorin da ke nuna matakan girman garin, sai taƙaitaccen tarihi, sai kuma jerin sunayen tituna da kasuwanni da wuraren ibada, kowanne da shekarar da aka fara jin sunansa da sunayen da ya taɓa amsawa. Wannan jeri na ƙarshe shi ya fi burge ni, domin a cikinsa ne tsamiyarmu za ta sami gurbi.

Mu ma ba daga sifiri za mu fara ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 kuma ya iso Yola a wannan shekarar, ya zana fasalin birnin Kano tare da ambaton unguwanninsa, ya kuma rubuta jerin sunayen unguwannin Katsina, kuma har yau masu bincike suna komawa ga wannan aiki. A 2000 an buga kundin taswirar lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru ƙarƙashin jagorancin Christian Seignobos da Olivier Iyébi-Mandjek, kuma a cikinsa akwai shafukan da suka bi tarihin girman Marwa. Marigayi Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a nan Garwa, ya haɗa hannu da Ahmadou Bassoro suka rubuta tarihin garin nan daga bakin masana na gargajiya. Tubalin yana nan. Abin da ya rage shi ne a sauko da shi zuwa matakin lungu da rijiya, a kuma fassara shi zuwa harsunan da masu lungun ke ji.

Sunayen da kansu tarihi ne

Duk wanda ya saurari sunayen unguwannin Garwa da kunnen basira ya karanta rabin tarihinta. Fulɓere tana gaya maka inda Fulani suka zauna, Hausare tana gaya maka inda kakanninmu fatake da mahauta da malamai suka sauke kaya, Kolere kuma unguwar Barebari ce, domin da wannan suna Fulani ke kiran mutanen Borno. Marware ta ɗauko sunanta daga Marwa. Yelwa da Nasarawo sunaye ne da duk Bahaushe zai gane ba tare da tafinta ba. Can a Marwa kuma, Domayo ba komai ba ce illa "bisa kogi" da Fillanci.

Kowane suna a nan yana ɗauke da amsar tambayoyi uku, wato wa ya zo, daga ina, kuma wa ya ba shi masauki. Kafin Fulani su kafa ribaɗinsu a ƙarni na 19, ƙabilun Fali da Bata suna wannan yanki. Jamusawa sun kama garin a 1901, suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa a watan Yunin 1915. Faransawa suka raya tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai, inda ake lodin auduga da gyaɗa a 'yan watannin da ruwa ke cika. Zamanin shugaban ƙasa Ahmadu Ahijo, daga 1960 zuwa 1982, garin ya sami gatan da ya jawo masa jama'a daga ko'ina. Kowanne daga cikin waɗannan zamunna ya bar unguwa ko biyu a ƙasa, kamar yadda ambaliya ke barin layin laka a jikin bango.

Sai dai kuma an rubuta sunayen da alƙalamin Faransanci, har wasu sun soma ɓacewa masu su. Yaron da ya ga Haoussaré ko Roumdé Adjia a allon hanya ba lallai ne ya haɗa su da kalmomin da kakarsa ke furtawa ba. Kundin da nake kira a yi zai rubuta kowane suna yadda hukuma ta san shi, da yadda masu shi ke faɗa, har da ajami inda aka sami tsohon rubutu.

"Ai kowa ya san unguwarsa"

Wannan ita ce amsar farko da nake samu duk lokacin da na tayar da maganar a majalisa. Gaskiya ne, kowa ya san unguwarsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sanin da ke cikin ka kaɗai yana tafiya kabari tare da kan.

A unguwarmu akwai wata tsohuwa da ta rasu shekaru kaɗan da suka wuce, wadda ta san wurin kowace rijiya da aka cike a tsakanin gidanmu da masallacin Juma'a. Magina kan aika a tambaye ta kafin su haƙa harsashi. Tun bayan rasuwarta na ga ɗaki guda da ya tsage daga sama har ƙasa kafin ya cika shekara biyu, kuma da aka bincika sai aka tarar rabinsa a kan tsohuwar rijiya yake zaune. Mai ɗakin baƙo ne, saye ya yi, babu wanda ya yi masa ƙarya, kawai dai wadda ta sani ba ta nan.

Irin wannan sani yana da nauyi fiye da yadda muke zato a gari kamar namu da ke gefen babban kogi. Dattawa sun san hanyoyin da ruwa ke bi tun kafin a gama madatsar Lagdo a 1982, sun san fadamun da ake noma kawai ba a kwana a cikinsu. Madatsar ta sa kogin ya yi ladabi na wasu shekaru, jama'a suka saki jiki suka gina gidaje a inda iyayensu ba su yarda su gina ko rumbu ba. A daminar 2012, da ruwa ya cika aka buɗe madatsar, kogin ya koma tsofaffin hanyoyinsa tun daga nan har cikin Nijeriya. Taswirar da ta nuna tsohon kwari da tsohon tafki ba za ta hana ruwa zuwa ba, amma za ta hana mai sayen fili cewa bai sani ba, ta kuma hana mai sayarwa yin shiru.

Game da taswirar waya kuwa, ba na raina ta, ni ma da ita nake tafiya a Duwala. Amma tana nuna abin da wani ya ga damar shigarwa ne, kuma masu shigarwa galibi masu shago ne da ke son a same su. Shi ya sa mashaya ta fito, makarantar allon da ta yaye ɗaruruwan almajirai ba ta fito ba. Kuma ba ta da jiya. Ranar da aka rushe wuri, sai ta shafe shi kamar ba a taɓa yinsa ba.

"Ofishin filaye yana da taswira"

Yana da ita, amma aikinta daban. Taswirar masu safiyo tana amsa tambaya ɗaya ce, wato wannan fili na wane ne, kuma ina turakunsa suka tsaya. Ba ruwanta da sunan lungu, ba ruwanta da maƙabartar da aka daina binnewa a cikinta, kuma filin da ba shi da takardar mallaka kusan ba ya wanzuwa a wurinta, alhali mafi yawan gidajen tsofaffin unguwanni gado ne da ba a taɓa kai shi gaban kowane tebur ba.

Na taɓa shiga wani ofishi neman tsohuwar taswirar gefenmu. Ma'aikacin, mutumin kirki, ya sha wahala kafin ya jawo wata naɗaɗɗiyar takarda daga saman kabad. Da muka warware ta sai ƙura ta turnuƙe, gara ta riga ta cinye kusurwar da ke ɗauke da shekarar zanen, kuma daidai inda unguwarmu take akwai tabon ruwa mai faɗin tafin hannu. Ya ce mini, "Alhaji, ita ke nan, babu wata." Na fito ina lissafin damina nawa ta rage wa wannan takarda.

A nan ne tarihi ke haɗuwa da aljihun talaka. Dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974 ta buɗe ƙofar neman takardar mallaka kai tsaye ga wanda ya zauna a fili ko ya raya shi kafin 5 ga Agustan 1974. Kwamitin da ke zuwa ganin filin yana ƙarƙashin shugaban gunduma ne, kuma mai gari da dattawa biyu suna cikinsa. Ma'ana, hujjar mutum ta dogara ga abin da aka tuna game da wata rana da ta wuce shekara 50. Waɗanda suka mallaki hankalinsu a 1974 yanzu sun ba saba'in baya, kuma kullum raguwa suke yi. Hoton sama na wancan zamani da ke nuna gida a tsaye, haɗe da shaidar dattijo da aka rubuta tun yana raye, ya fi rantsuwar jika ƙarfi a gaban kowane kwamiti.

"Za ku tono abin da aka binne"

Wannan ce hujjar da ta fi kowacce nauyi, kuma ba na son in wuce ta da sauri, domin masu faɗinta ba wawaye ba ne.

Wani malami da nake girmamawa ya ce mini, "Ɗana, gari yana zaune lafiya ne saboda akwai abubuwan da aka yarda a manta." Ya ba ni misali da kalmar rumde. Duk mai jin Fillanci ya san cewa rumde ita ce rinji, wato ƙauyen da bayi ke noma wa ubangidansu. Yau Rumde Ajiya unguwa ce babba, a cikinta filin wasan da ya karɓi gasar cin kofin Afirka a farkon 2022 yake, kuma mazaunanta sun fito daga kowane sashe na ƙasar nan. Malamin yana tsoron ranar da wani yaro mara kunya zai buɗe littafi ya nuna wa abokin faɗansa shafi ya ce ga asalinku.

Tsoro na biyu shi ne na iyaka. A yau jauro biyu, wato masu unguwa, suna iya zama shekara talatin ba tare da sun san takamaimai inda ikon ɗaya ya ƙare na ɗayan ya fara ba, kuma wannan rashin tabbas shi ke ba su damar sasantawa idan magana ta taso. Ranar da aka ja layi da jan alƙalami, gidan da ya faɗa hagu ya zama abin shari'a. Na uku kuma shi ne na ƙabila, wato a shafa wa wannan unguwa launin kore a ce ta Hausawa ce, waccan launin rawaya a ce ta Fulani ce, sai ɗan siyasa ya ɗauki takardar ya mayar da ita makamin "mu ne 'yan ƙasa, ku baƙi ne".

Wannan tsoro yana da tushe a tarihi. A Amurka, cikin shekarun 1930, an zana taswirorin birane aka shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi a matsayin wuraren da ba su cancanci bashin gina gida ba, kuma tabon wannan launi ya daɗe bai goge ba. Launi a kan takarda yana iya zama hukunci.

Amma ina ganin duk waɗannan hujjoji suna magana ne a kan yadda za a zana, ba a kan ko za a zana ba. Taswirar da ke da haɗari ita ce wadda ta daskarar da gari a rana ɗaya ta ce haka yake tun fil azal. Kundin tarihi kuwa akasin haka yake yi, domin shafi bayan shafi yana nuna cewa kowa zuwa ya yi. Wanda ya buɗe shi da niyyar gori zai tarar da shekarar da nasa kakan ya iso, da wanda ya tarar a wurin, da wanda shi ma wancan ya tarar. Hausare ta yau cike take da mutanen da ba Hausawa ba, Hausawa kuma sun bazu har Jambutu da bayanta, kuma taswirar gaskiya dole ta nuna wannan cakuɗuwa maimakon ta ɓoye ta.

Saboda haka ina da sharuɗɗa. Kada a shafa wa kowace unguwa launin ƙabila, a yi launi da shekarun kafuwa kawai. Kada a ja iyakar unguwa da kaifin layi inda masu unguwar da kansu ba su ja ba, a rubuta sunan a tsakiya a bar gefuna su shiga juna kamar yadda suke a ƙasa. Inda riwaya biyu suka saɓa, a kawo duka biyun a faɗi daga wane ɓangare kowacce ta fito. Kuma a tsaya ga tarihin wuri, kada a shiga asalin gidaje, domin bayyana ma'anar rumde abu ne da ke cikin kowane ƙamus, amma nuna ƙofar wani da yatsa cin mutunci ne da ba shi da gurbi a aikin ilimi.

Ga malamina kuma na ce, cikin ladabi, abin da aka binne ba tare da an rubuta ba ba ya mutuwa, yana komawa bakin masu gulma ne, inda babu mai gyara shi.

"Taswira makamin hukuma ce"

Wasu maƙwabtana suna ganin duk lokacin da baƙo ya shigo lungu da takarda da abin awo, to haraji ne ke tafe ko kuma katafila. Ba zan ce ƙarya suke yi ba, domin sun ga jan fenti a jikin bango fiye da sau ɗaya.

Sai dai a duba abin da ya faru a Njamena. Bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008, an rushe gidaje masu yawa a birnin, ciki har da Gardole, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da suka taso tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy. Rashin shiga littafi bai kare kowa ba. Da ƙungiyar Amnesty ta so nuna wa duniya girman abin, hotunan tauraron ɗan'adam na kafin rusau da na bayansa ta jera, inda ta ƙirga gine-gine fiye da 3,700 da suka ɓace cikin shekara guda. Wato hoto daga sama shi ya tsaya wa waɗanda aka kora a matsayin shaida.

Hukuma tana da taswirarta ko mun so ko mun ƙi, kuma duk wanda ke da intanet yana iya ƙirga ɗakunan gidana daga sama a daren nan. Ɓuya ta riga ta ƙare. Abin da ya rage shi ne ko unguwa za ta bayyana a matsayin tarin rufin kwano mara suna, wanda injiniya zai iya ratsawa da layi ba tare da ya ji komai ba, ko kuma za ta bayyana da sunanta da shekarunta da masallacinta da maƙabartarta.

Batun kuɗi

Za a ce gari yana fama da ruwan sha da wutar lantarki, wa ke ta taswira. Ban musa ba, amma aikin bai kai tsadar kilomita ɗaya na kwalta ba. A Kibera da ke Nairobi, matasan unguwar ne da kansu suka fara zana ta a 2009, da ƙananan na'urorin nuna wuri, suka ɗora a OpenStreetMap, wata taswira ta intanet, inda kowa ke iya gani ya kuma gyara. A nan kusa, Ngaundere ta shiga irin wannan shiri a 2018 domin zana unguwannin da ambaliya ke yi wa barazana. Muna da sassan nazarin ƙasa da tarihi a jami'o'in Ngaundere da Marwa, ga kuma jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, kuma kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A ba kowane ɗalibi unguwa ɗaya.

Abin da ke buƙatar hannun manya shi ne tattaro tsofaffin takardu. Jamusawa sun bar taswirar Kamaru ta Max Moisel tun kafin yaƙin duniya na farko. Faransawa sun ɗauki hotunan ƙasar nan daga jirgin sama a shekarun 1950. Akwai Cibiyar Taswira ta Ƙasa a Yawunde, akwai ma'ajiyar takardun mulkin mallaka a Aix-en-Provence da ke Faransa. Neman kwafin abin da ya shafi Garwa aiki ne na wasiƙa da naci, kuma magajin gari da fadar Lamiɗo da jami'a, idan suka sa hannu a takarda ɗaya, za a saurare su fiye da yadda za a saurari ni. Fada ce kuma kaɗai za ta iya cewa lawanai da jauro da sarkin Hausawa su buɗe zaurukansu ga yaran da za su zo da tambayoyi, domin babu dattijon da zai saki baki ga baƙon ɗalibi idan mai unguwa bai gabatar da shi ba.

Ina da roƙo ɗaya game da ƙarshen aikin. Kada ya ƙare a matsayin littafi mai nauyin kilo biyar da Faransanci zalla, wanda za a ƙaddamar a otal sannan a kulle a kabad. A buga shafin kowace unguwa da girma, da Fillanci da Hausa da Faransanci, a manna shi a zauren mai unguwa da makarantar firamare, inda tsoho zai iya tsayawa ya ce nan kun yi kuskure, a kuma bar wurin da za a rubuta gyaransa.

Daren da kawuna zai koma Yola, na juya bayan wata tsohuwar kalanda na ba shi biro, na ce, "Kawu, zana mini unguwar nan yadda ka bar ta." Ya fara da tsamiyar, ya sa masallaci, ya ja lungun marina wanda ni ban ma san an taɓa yin rini a cikinsa ba, ya nuna inda ake ɗaure jakunan fatake, da wani kududdufi da yanzu gidaje huɗu ke kansa. Da ya zo kan rijiyar unguwa sai gwaggona, wadda ke sauraro daga bakin ƙofa, ta ce sam ba nan take ba, tana gabas da gidan liman ne. Suka yi ta musu har aka kira sallar isha'i, kowanne yana kawo sunan wanda ya taɓa faɗawa ciki. Na sa alama biyu a takardar, na rubuta sunan kowannensu a gefen tasa, na naɗe ta na ajiye a cikin akwatin da nake ajiye takardun gida.